Magadan Müslüm Baba: Gajiya da Ciwon So a Gambarar Turkiyya

A shekarar 1989 Ma'aikatar Al'adu ta Turkiyya ta shiga wani aiki da ba kasafai ake jin gwamnati ta shiga irinsa ba: ta nemi a tace baƙin ciki daga cikin waƙa. Kiɗan da talakawan birane suka fi so a lokacin, wanda ake kira arabesk, cike yake da kuka da ƙorafi a kan ƙaddara, hukuma kuwa tana ganin yana kashe wa jama'a gwiwa. Sai aka ɗauki nauyin wani sabon samfuri da aka yi wa laƙabi da arabesk marar raɗaɗi, aka sa mawaƙi Hakkı Bulut ya rera shi. Jama'a suka yi biris da shi, suka koma kan kaset ɗinsu na da. Shekara talatin da 'yan kai bayan haka, abin da ya mamaye wayoyin samarin Turkiyya shi ne gambarar zamani, wato rap, kuma duk wanda ya kasa kunne zai ji raɗaɗin yana nan daram. Ganga ta sauya, tufafi sun sauya, mai waƙar ya rufe kai da hular riga maimakon kwat da gashin baki, amma kukan bai sauya ba. Abin da nake gani shi ne wannan gajiya da wannan ciwon so gado ne da gambarar Turkiyya ta ci daga arabesk, kuma dalilin da ya sa gadon bai mutu ba shi ne yanayin da ya haife shi bai gushe ba. Saurayin da rayuwa ta rufe wa ƙofofi ya fi samun sauƙin cewa budurwa ce ta tafi ta bar shi.

Wanda bai san wannan kiɗa ba yana iya zaton rap ɗin Turkawa duk cika baki ne da kirarin kai da zancen motoci, kuma akwai wannan da yawa. Sai dai a gefensa akwai wani babban kogi da ke gudana tun farkon shekarun 2000, daga Sagopa Kajmer zuwa No.1 na Denizli, daga Gazapizm na Izmir zuwa Taladro da Sancak da Canfeza, har ya iso ga matasa irin su Uzi da Blok3. Jigoginsa sanannu ne ga duk mai sauraro: dare da rashin barci, karan sigari ɗaya bayan ɗaya, wayar da ta ƙi yin ƙara, abokin da ya ci amana, uwar da ke jiran ɗanta a bakin taga, da mutumin da bai cika shekara 25 ba amma yake magana kamar wanda ya gama da duniya. Abin lura shi ne yadda gajiyar da ciwon son ke cuɗanya a cikin waƙa guda har a rasa inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya soma. Mawaƙi zai fara da wadda ta juya masa baya, kafin a kai tsakiya ya koma kan unguwa da aljihu da mahaifin da aiki ya ranƙwafar, sannan ya dawo kanta kamar ita ce ta jawo duk wannan. Sunayen faifan ma kaɗai sun isa shaida. Wanda Sagopa ya fitar a 2004 sunansa na nufin hawayen mai yanke ƙauna, na 2008 kuma shekarar sanin mugayen mutane, na 2013 mai ciwon zuciya.

Asalin abin yana komawa ga farkon jamhuriya. Gwamnatin Atatürk ta so ta juya kunnen 'yan ƙasa zuwa Turai, har aka hana sa kiɗan gargajiyar Usmaniyya a rediyo daga ƙarshen 1934 zuwa 1936. Mutane ba su koma sauraron kiɗan Turawa ba, sai suka murɗa rediyonsu zuwa Alƙahira, suka cika gidajen sinima suna kallon finafinan Masar masu waƙoƙin Abdul Wahab da Ummu Kulsum. Daga shekarun 1950 kuma ƙauyukan Anatoliya suka fara tsiyayewa zuwa birane, saboda tarakta ta maye gurbin hannu a gona, masana'antu kuma suna can yamma. Istanbul da ke da mutum wajen miliyan ɗaya a 1950 yau ta haura miliyan 15. Baƙin nan sun gina gidajensu a bayan gari a filayen da ba nasu ba, cikin gaggawa, galibi da dare kafin hukuma ta ankara, abin da ake kira gecekondu. A cikin waɗannan unguwanni, da cikin ƙananan motocin haya da ke kai ma'aikata bakin aiki da asuba, aka raini arabesk: tarin goge irin na ƙungiyoyin kiɗan Masar, molon Turkawa da ake kira bağlama, da murya mai karyewa tana jan harafi ɗaya har numfashi ya ƙare. Kunnen Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai ba, domin muƙamai irin su Hijaz da ake gina yawancin waɗannan waƙoƙi a kansu su ne waɗanda muke ji a ƙira'ar makarantan Masar.

Masu ilimin boko na Istanbul da Ankara sun tsani wannan kiɗa, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, TRT, wanda shi kaɗai ne a ƙasar har zuwa 1990, ya yi shekaru yana rufe masa ƙofa. Duk da haka Orhan Gencebay da Ferdi Tayfur da İbrahim Tatlıses da Müslüm Gürses suka sayar da miliyoyin kaset. Müslüm, wanda masoyansa ke kira Baba, shi ne ya fi kowa zama jikin wannan ciwo. An haife shi a yankin Urfa a 1953, ya tashi a Adana, mahaifinsa ya kashe mahaifiyarsa, shi kuma ya yi haɗarin mota da ya bar masa lahani har ƙarshen rayuwarsa. A wuraren wasansa samari sun riƙa tsaga ƙirjinsu da reza suna kuka. Babu mai hankalin da zai ce saboda budurwa kaɗai mutum zai yi wa kansa haka a gaban dubban jama'a. Masana da suka zauna suka nazarci abin, irin su Meral Özbek a littafinta na 1991 a kan Gencebay da Martin Stokes a nasa na 1992, sun nuna cewa kukan masoyi a arabesk yana ɗauke da kayan da suka fi soyayya nauyi: baƙunta a birni, raini, aikin da ba ya ciyarwa, da jin cewa an zana maka iyakarka tun kafin a haife ka. Finafinan da waɗannan mawaƙa suka fito a ciki sun fayyace abin ƙarara, domin labarin kusan kullum ɗaya ne, ɗan talaka ya so 'yar mai kuɗi, kuɗi ya raba su.

Gambarar Turkawa kuwa ba da kuka ta fara ba, kuma ba a Turkiyya ta fara ba. Yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta Yamma ta ƙulla da Turkiyya a 1961 ta kai dubban ɗaruruwan leburori masana'antun Jamus, 'ya'yansu kuma suka tashi a unguwanni irin su Kreuzberg ta Berlin, suna jin rap daga sojojin Amurka da ke girke a can. A Nuremberg aka naɗi ɗaya daga cikin waƙoƙin rap na farko da harshen Turkanci a 1991, ta ƙungiyar King Size Terror, kuma batunta rayuwar baƙo ne. Sai aka ƙona gidajen Turkawa a Mölln a 1992, mutum uku suka mutu, aka sake a Solingen a watan Mayun 1993, mutum biyar suka mutu, mata da 'yan mata. Daga wannan fushi Cartel ta fito a 1995, gamayyar mawaƙa daga Nuremberg da Berlin da Kiel, faifanta ya yi kasuwar da ba a zata ba a Turkiyya har ta yi wasa a filin ƙwallon İnönü. Muryar ta faɗa ce, ta mayar da martani. Amma ko a lokacin, idan waɗannan samari suka tashi neman guntun kiɗan da za su ɗora baitinsu a kai, kwandon kaset ɗin iyayensu suke lalubawa, su yanko bağlama da sarewa da gogen arabesk, abin da ƙungiyar Islamic Force ta Kreuzberg ta shahara da shi. Fushin nasu ne, kewar gida da ke ƙarƙashinsa ta iyayensu ce.

Da abin ya koma gida a ƙarshen shekarun 1990, abokin gaba ya ɓace. A Jamus akwai ɗan wariyar launin fata da za a nuna da yatsa, a Istanbul kuwa wa za a nuna? Ceza, ɗan unguwar Üsküdar, da abokinsa Dr. Fuchs a ƙungiyar Nefret sun juya kan birnin kansa, cunkosonsa da rashin imaninsa. Sagopa Kajmer ya juya cikin ƙirjinsa, kuma wannan juyi shi ya buɗe hanyar da ake bi har yau. Sunansa na yanka Yunus Özyavuz, an haife shi a 1978 a Samsun, garin da aka haifi Orhan Gencebay, ya karanta harshen Farisa da adabinsa a Jami'ar Istanbul, ya cika baitocinsa da tsofaffin kalmomin Usmaniyya da Larabci da Farisanci har ɗaliban sakandare suka riƙa buɗe ƙamus domin su fahimce shi. Kamfanin da ya kafa tare da mawaƙiya Kolera, wadda ya aura a 2006 suka rabu a 2017, sunansa Melankolia. Abin da Sagopa ya yi shi ne ya ba baƙin ciki daraja. Yaron da zai ji kunyar a kama shi yana sauraron Ferdi Tayfur, domin wannan kiɗan direbobi ne da 'yan ƙauye, ya samu hanyar yin kuka iri ɗaya yana mai jin kansa mai zurfin tunani. Waƙar da ya yi tare da Ceza a faifan Rapstar na 2004, ta mutumin da ke ƙirga abin da ya rage masa a duniya, har yau tana cikin waɗanda aka fi sani a tarihin wannan kiɗa, duk da doguwar gabar da ta raba mutanen biyu daga baya.

A ƙasan Sagopa kuma wani abu ya tsiro wanda masu kishin rap na asali suka fi tsana fiye da komai. Daga ƙarshen shekarun 2000, samarin bayan gari a Adana da Diyarbakır da Eskişehir da gefunan Istanbul suka riƙa naɗar waƙoƙi a shagunan intanet da lasifika mai arha, su ɗauko gogen arabesk su ɗora masa ganga, su rera labarin wadda ta yaudare su, a yi ta tura wa juna daga waya zuwa waya. Aka kira shi arabesk rap, sunaye irin su Arsız Bela suka zaga ƙasar ba tare da rediyo ko kamfani ba. An yi musu dariya, an yi wa askinsu da rubutunsu ba'a, an kira su da sunan raini na apaçi, kwatankwacin abin da aka yi wa iyayensu shekara talatin kafin nan. Yawancin waƙoƙin, a faɗi gaskiya, ba su da kyau: baitin sakaka, muryar ba saiti. Amma su suka yi nasara. A 2015 waƙar Eypio da Burak King mai ɗanɗanon arabesk ta shiga kowane shago da kowace motar haya. Daga 2017 shirin talabijin na Çukur, labarin wata unguwar Istanbul da dangin da ke riƙe da ita, ya kai muryar Gazapizm da ta Eypio da ta No.1 cikin falon iyalai da ba su taɓa sauraron rap da gangan ba. Heijan ya fito daga Bağcılar, Uzi daga Güngören, kuma a 2022 Uzi ne aka fi saurara a Spotify a faɗin ƙasar. Abin da aka kora ta taga ya shigo ta ƙofar gaba, kamar dai yadda fim ɗin rayuwar Müslüm, wanda ya rasu a 2013, ya tara masu kallo sama da miliyan shida a 2018, ciki har da 'ya'yan waɗanda suka raina shi.

Shekarun da wannan sauti ya mamaye kasuwa su ne shekarun da aljihun matasan Turkiyya ya huje, kuma ba na jin wannan dacewa ce kawai. A farkon 2013 dala ɗaya ba ta kai lira biyu ba, a farkon 2024 ta haura lira 30. A watan Oktoban 2022 hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 85.5 cikin ɗari, ƙungiyar masana masu zaman kansu ta ENAG kuwa ta ce abin ya ninka haka. A 2019 kusan ɗaya cikin kowane matasa huɗu masu neman aiki bai samu ba. Jami'o'i sun ƙaru daga 76 a 2002 zuwa sama da 200, wato an yi wa miliyoyin iyalai alkawarin cewa takardar digiri za ta fitar da ɗansu, sai ga masu digiri suna kai abinci a babur ko suna zaune a gida, ga malaman makaranta da suka gama karatu suna jiran a ɗauke su shekara da shekaru. A watan Satumban 2021 ɗalibai suka kwana a wuraren shaƙatawa na birane domin nuna cewa kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Wanda ya samu aikin ma bai huta ba. Makon aiki a doka awa 45 ne, Turkiyya kuma tana sahun gaba a ƙasashen OECD wajen yawan masu wuce awa 50, kuma ɗakunan ɗinki na ƙarƙashin benaye a Bağcılar da Güngören, inda wasu daga cikin waɗannan mawaƙa da masu sauraronsu suka tashi, ba su san agogo ba. Idan ɗan shekara 22 ya ce ya gaji, ba lallai salon magana yake yi ba.

Inda aljihu da zuciya suke haɗuwa kuwa shi ne aure. A al'adar Turkawa saurayi ba ya kai amarya sai da gida, ko na haya ne, da kayan ɗaki, da biki a zauren taro, da awarwaron zinariya da dangin amarya kan ƙayyade adadinsu, zinariya kuwa farashinta a lira ya yi tashin da albashi bai bi shi ba. Matsakaicin shekarun auren fari ga maza ya kai wajen 28, haihuwa ta faɗo zuwa 1.51 ga kowace mace a 2023, ƙasa da abin da ke riƙe yawan jama'a. Gwamnati ta ga abin da idonta: ta ayyana 2025 a matsayin shekarar iyali, ta kuma buɗe rance marar ruwa na lira 150,000 ga matasa masu shirin aure. Ƙasar da sai an ba da rance kafin a yi aure, ba abin mamaki ba ne waƙoƙinta su cika da soyayyar da ba ta kai ga ɗaurin aure ba. Saurayin da iyayen yarinya suka tambaye shi sana'arsa ya rasa amsa, ko wanda ita da kanta ta gaji da jira, ba ya tunanin babban banki da kuɗin ruwa a daren da abin ya faru. Fuskarta yake gani. Hauhawar farashi ba ta da fuska, ba ta da lambar waya, ba a iya yi mata waƙa a ce ta ci amana.

Akwai masu cewa duk wannan dogon tarihi ƙawa ce, gaskiyar magana ita ce rap mai baƙin ciki yayi ne na duniya, daga Drake zuwa Juice WRLD da XXXTentacion zuwa PNL na Faransa, kuma Turkawa kwaikwayo suke yi, manhajojin sauraro kuma suna tura wa mutane abin da ke riƙe su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Gangar trap daga Atlanta ta zo, na'urar gyaran murya ta Auto-Tune ma ba a Istanbul aka ƙera ta ba, kuma babu shakka wasu suna sayar da hawaye ne domin sun ga yana da kasuwa. Amma lissafin shekaru bai goyi bayan wannan hujja ba. Faifan Kanye West da ake cewa shi ya buɗe ƙofar rap mai raunin zuciya a Amurka ya fito ne a 2008, shekara huɗu bayan na Sagopa. Samarin shagunan intanet kuma ba Drake suke kallo ba, Müslüm suke yanka. Ko ita Auto-Tune ɗin, abin da mawaƙan Turkiyya suke yi da ita shi ne jan harafi da karya murya irin na arabesk, wanda a da sai mai baiwar maƙogwaro ke iyawa, yanzu kuwa na'ura ta sauƙaƙa wa kowa. Manhaja tana iya ƙara wa wuta iska, amma ba ta ƙirƙiro ɗanɗanon da ya girmi intanet da shekara arba'in ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma tsohuwa ce. 'Yan gurguzun Turkiyya sun yi wa arabesk ita tun shekarun 1970, makaɗin fiyano Fazıl Say ya sabunta ta a 2010 lokacin da ya fito fili ya ce yana jin kunyar wannan kiɗa: cewa waƙar da ke ɗora komai a kan ƙaddara tana mayar da fushi hawaye, tana koya wa wanda aka zalunta ya zargi rabonsa maimakon azzaluminsa. Masu wannan ra'ayi suna nuna Susamam a matsayin abin da rap ya kamata ya zama. Waƙa ce mai tsawon kusan minti 15 da Şanışer ya jagoranta tare da tarin mawaƙa a farkon Satumban 2019, ta taɓo shari'a da ilimi da muhalli da kisan mata, ta samu miliyoyin masu kallo cikin 'yan kwanaki. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. Jaridun da ke goyon bayan gwamnati sun danganta ta da ƙungiyoyin ta'adda, aka shigar da ƙorafi a gaban masu gabatar da ƙara. Fiye da shekara guda kafin nan, a watan Mayun 2018, an kama Ezhel, ɗan Ankara da faifansa na 2017 ya sauya fuskar kiɗan ƙasar, bisa zargin ƙarfafa shan ƙwaya, ya yi kusan wata guda a tsare kafin kotu ta wanke shi, daga baya ya koma Berlin da zama. Sashe na 299 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa huɗu ga wanda ya ci mutuncin shugaban ƙasa, kuma an binciki dubban mutane a ƙarƙashinsa. A 2022 an soke wasannin mawaƙa da dama, ciki har da na Melek Mosso a Isparta, aka tsare mawaƙiya Gülşen a kan wani barkwanci da ta yi a dandamali.

Ba ina cewa kowane mai waƙar ciwon so ɗan adawa ne da ya ɓoye kansa ba. Yawancinsu ba su da wannan niyya, wasunsu ma ƙuri'arsu tana wajen masu mulki, kamar yadda Gencebay da Tatlıses suka ƙare kusa da fada. Abin da nake cewa shi ne a wurin da kowace irin magana take da farashinta, wadda ba a biya mata komai ita za ta fi yawa, kuma ba a taɓa gurfanar da kowa domin ya ce zuciyarsa ta karye ba. Batun cewa kuka yana kashe fushi kuwa, ban gamsu ba. Yaran da suka yaɗa Susamam a dare ɗaya su ne masu sauraron No.1 da Gazapizm a sauran dararen, kuma Gazapizm kansa yana iya sa gajiyar mutum ɗaya da rashin adalcin unguwa a baiti guda ba tare da ya ga saɓani ba. Mutum ba ya rayuwa a kan zanga-zanga kullum. Yana buƙatar abin da zai saurara a motar bas da ƙarfe shida na safe, wanda zai gaya masa cewa nauyin da yake ji ba shi kaɗai ke jin sa ba, kuma wannan sanin shi ne matakin farko na kowace irin haɗuwa. Inda masu suka suke da gaskiya shi ne waƙar ba ta kai mai sauraro mataki na biyu. Tana faɗin ciwon daidai, tana yin shiru a kan wanda ya jawo shi.

Wani kuma zai ce a bar waƙar so ta zama waƙar so, ba sai an tono tattalin arziki a ƙarƙashin kowane hawaye ba. Hakika mutane suna rabuwa a Switzerland ma, kuma attajiri yana kwana da ciwon zuciya. Amma a adabin Turkawa masoyiyar da ta ƙi waiwayowa ba ta taɓa zama mace kawai ba. A Laila da Majnun na Fuzuli, a ƙarni na 16, son mutum tsani ne zuwa son Ubangiji. A waƙoƙin fadar Usmaniyya masoyi marar tausayi sau da yawa sarki ne da ake neman kallonsa. A bakin mawaƙan bağlama na karkara, har zuwa Neşet Ertaş da ya yi shekaru da yawa yana zaman baƙunta a Jamus, rabuwa da masoyi da rabuwa da gari abu ɗaya ne. Mai sauraro Baturke ya gaji wannan kunne ko bai taɓa buɗe littafi ba, ya saba jin abu biyu a kalma ɗaya. Wanda ya ce waƙar Taladro ko ta Sancak labarin saurayi da budurwa ce kawai, shi ne ya kawo karatun da baƙo ne ga wurin.

Sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta ita ce ta mata. Idan budurwa ce fuskar da ake liƙa wa duk abin da ya gagara, to wata mace ta gaske ce ke ɗaukar laifin lira da na haya da na rashin aiki, kuma tsakanin cewa kin kashe ni da cewa ba za ki zama ta kowa ba tazarar ba ta da yawa. Arabesk ya san wannan da jininsa. Mawaƙiya Bergen, wadda faifanta na 1986 ya sa aka riƙa kiranta matar raɗaɗi, mijinta ne ya sa aka watsa mata asid a 1982 ta rasa ido, ya harbe ta har lahira a 1989, bai kuma daɗe a kurkuku ba. Makonni kaɗan kafin fitowar Susamam, wani mutum ya yanka tsohuwar matarsa a gaban 'yarsu a Kırıkkale, bidiyon ya girgiza ƙasar. Ƙungiyoyin mata suna ƙirga ɗaruruwan irin wannan kisa a kowace shekara, mafi yawa a hannun miji ko tsohon miji ko saurayin da aka ce wa a'a, kuma a 2021 gwamnati ta janye daga Yarjejeniyar Istanbul ta kare mata. Waƙa ba ta kashe kowa, kuma mafi yawan waɗannan baitoci kansu mawaƙan suke ci, ba matan ba. Amma kiɗan da ke maimaita wa yaro sau dubu cewa wadda ta tafi maciya amana ce, shi kuwa wanda aka zalunta, yana ba shi labarin da zai faɗa wa kansa ranar da ya ƙi yarda da rabuwa. Mata a wannan fage, daga Kolera da Ayben ƙanwar Ceza zuwa Güneş a wannan zamani, suna rera gajiyarsu su ma, kuma a bakinsu wadda ta tafi tana da dalilinta na tafiya. Har yanzu su 'yan tsiraru ne, kuma a manyan waƙoƙin da suka yi kasuwa aikin da aka fi ba mace shi ne ta rera amshi mai daɗi tsakanin baitocin namijin da ke ba da labarinta.